Ɗinkin Gayya: Tarihin Bargunan Shaida na Waɗanda Aka Ci Zarafinsu

Bargon ƙyallaye shafi uku ne da ake haɗawa su zama ɗaya: ƙyallen sama mai ado, da auduga ko ulu a tsakiya saboda ɗumi, da ƙyallen ƙasa wanda ke taɓa jiki. Ana bin su da allura da zare ana sokewa gaba ɗaya, layi bayan layi, don kada audugar ta tattaru wuri guda, kamar yadda ake ɗinka lifidin doki a ƙasar Hausa. Shafin saman shi ne abin kallo, domin galibi guntayen tsofaffin tufafi ne da ragowar yankan tela ake harhaɗawa. Matan Bangal da na Sindi sun daɗe suna irin wannan aiki, haka ma na Ingila, amma a Amurka ne ya fi ɗaukar siffar gayya. Kowace mace takan ɗinka nata ƙyallen mai kusurwa huɗu a ɗakinta, sannan a sa rana a taru a kewaye katakon ɗaure bargo a haɗa su. Idan an gama, bargo ɗaya ne, amma kowace tana iya nuna nata hannun a ciki. Wannan hali na sana'ar shi ya sa daga baya ta dace da mutanen da kowannensu ke ɗauke da nasa ciwon, alhali ciwon iri ɗaya ne.

A ƙarni na 19 yawancin matan Amurka ba su da ƙuri'a, sai a 1920 tsarin mulkin ƙasar ya tabbatar musu da ita, kuma ba a cika barin mace ta hau mumbari ta yi wa taro jawabi ba. Allura ta zame musu hanyar shiga harkar jama'a. Tun daga shekarun 1840 aka fara yayin barguna masu sunaye, inda ake rubuta sunan kowace mai hannu a jikin ƙyallenta. Daga nan aka mayar da abin hanyar tara kuɗi: mutum ya biya 'yan kwabbai a ɗinka sunansa, a ƙarshe a yi gwanjon bargon. Masu yaƙi da cinikin bayi sun sayar da ɗinke-ɗinke a kasuwannin baje koli, haka ma matan ƙungiyar yaƙi da shan giya da aka kafa a 1874. Su waɗannan na biyu, babban abin da ya fito da su shi ne magidancin da ke shanye albashinsa ya komo gida ya daki matarsa da 'ya'yansa, a lokacin da doka ba ta ba matar aure wata mafita ta kirki ba. Sai dai giyar suke ambata a fili, dukan kuwa a kaikaice. A wannan zamani ne kuma Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta ɗinka bargo mai ba da labaran Littafi Mai Tsarki da hotunan mutane da dabbobi, ta nuna shi a wani baje koli a 1886. Yau yana gidan tarihi na Smithsonian, kuma yana daga cikin abubuwan da ake kafa hujja da su cewa bargo yana iya ɗaukar labari daga farkonsa har ƙarshensa.

Ɗinki a matsayin shaida a kan zalunci kuwa, daga Kudancin Amurka ya samu ƙarfinsa. Ranar 11 ga Satumba 1973 sojojin Chile ƙarƙashin Janar Augusto Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, aka shiga kame da azabtarwa da ɓatar da mutane. Matan unguwannin talakawa na Santiyago da aka kwashe mazajensu da 'ya'yansu suka riƙa cin karo da juna a ƙofofin gidajen yari da ofisoshin 'yan sanda, kowace tana neman nata, ga kuma yunwa a gida. Majami'u suka buɗe musu ɗakunan ɗinki, daga 1976 kuma aikin ya koma ƙarƙashin Vicaría de la Solidaridad, ofishin da Kadinal Raúl Silva Henríquez ya kafa don kare haƙƙin ɗan'adam. Abin da suke ɗinkawa ana kiransa arpillera: ɗan yankin buhu ake shimfiɗawa, a liƙa masa ƙyallaye masu launi a fitar da hoton unguwa, da duwatsun Andes da rana a sama, a ƙasa kuma 'yan tsana na ƙyalle suna layin abinci, ko sojoji suna jan mutum zuwa mota, ko kujera ba kowa a kanta a wurin cin abinci. Wasu da tufafin wanda ya ɓace suka yi nasu. A bayan wasu akwai ɗan aljihu da ake cusa takarda mai bayanin abin da hoton ke nufi. Ofishin yana saye yana fitar da su ƙasashen waje, matan na samun na cefane, duniya kuma na ganin abin da jaridun ƙasar ba su isa su buga ba.

Yawancin waɗannan ɗinke-ɗinke ba su da suna, saboda suna yana iya jawo wa mai shi kame. Kuma galibi labarin wasu suke bayarwa: miji, ɗa, ƙane, maƙwabci. Abin da aka yi wa jikin mata a wuraren tsare mutane ya ɗauki lokaci kafin ya fito sosai. Sai a 2004, da hukumar da Bishop Sergio Valech ya jagoranta ta fitar da rahotonta, aka ga cewa mata sama da 3,000 sun ba da shaida, kuma kusan dukkansu sun ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Irin wannan jinkiri ya maimaita kansa a Afirka ta Kudu, inda matan da suka je gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa daga 1996 suka fi yin magana a kan abin da ya sami mazajensu da 'ya'yansu, har sai da aka shirya musu zama na musamman. Wannan giɓi ne ya sa daga baya aka soma aikin Amazwi Abesifazane a Durban, inda ake roƙon mace ta rubuta labarin ranar da ba za ta taɓa mantawa ba da harshenta, sannan ta ɗinka shi a ɗan ƙyalle.

Girman da barguna irin wannan suka yi a yau, daga annobar ƙanjamau ya samo asali. A Nuwamba 1985, a wani jerin gwano a San Francisco, Cleve Jones ya roƙi mahalarta su rubuta sunayen waɗanda cutar ta kashe musu a kwalaye, aka manna su a bangon wani ginin gwamnatin tarayya. Da ya dubi bangon sai ya ga kamar bargon ƙyallaye. A lokacin yawancin mamatan maza ne masu neman maza, dangi na ɓoye dalilin mutuwar, wasu masu harkar jana'iza ma na ƙin karɓar gawa. Aka tsayar da cewa kowane ƙyalle zai zama ƙafa 3 da ƙafa 6, gwargwadon kabari, kuma zai ɗauki sunan mutum ɗaya. Ranar 11 ga Oktoba 1987 aka shimfiɗa ƙyallaye 1,920 a babban filin ƙasa da ke tsakiyar Washinton, ana karanta sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 1996 bargon ya rufe filin baki ɗaya. Daga wannan aiki aka gaji tsarin da kusan kowa ke bi yanzu: ma'auni ɗaya ga kowa, mai kuɗi da talaka, a shimfiɗa a ƙasa a bar hanyoyi a tsakani, mai kallo ya shiga ciki da ƙafarsa yana sunkuyawa yana karantawa.

Sai dai tsarin bai dace da maganar fyaɗe da dukan gida kai tsaye ba. Bargon ƙanjamau domin matattu aka yi shi, kuma ƙarfinsa duka a bayyana suna yake. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa tana raye, mai laifin sau da yawa mijinta ne ko kawunta ko malaminta, kuma fitar sunanta yana iya jawo mata tsangwama ko wani sabon hari. Don haka ana bukatar hanyar da labari zai fito fili, mai labarin kuma asirinta a rufe.

Amsar farko ba bargo ba ce. A Oktoba 1990 wasu mata a yankin Cape Cod na jihar Massachusetts suka ɗaure igiyar shanya a dandalin garin Hyannis, suka rataya riguna 31, kowace da rubutu ko zanen wadda abin ya same ta, ko na dangin wadda aka kashe. Abin da ya zaburar da su shi ne bangon tunawa da sojojin Amurka sama da 58,000 da suka mutu a yaƙin Biyetnam, da tambayar ina aka rubuta matan da mazajensu da samarinsu suka kashe a cikin gida. Launin riga shi ke nuna irin abin da ya faru: fari ga wadda ta mutu, rawaya ga wadda aka daka, ja ko ruwan hoda ko ruwan lemo ga fyaɗe, shuɗi ko kore ga wadda aka lalata tana yarinya. Zaɓen igiyar shanya da gangan ne, domin wanki aikin mata ne, kuma a wurin shanya maƙwabta kan yi wa juna maganar da ba a yi a gaban maza. Aikin ya bazu zuwa jami'o'i da garuruwa ɗaruruwa. Shekara biyu bayan haka likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta fitar da littafinta Trauma and Recovery, inda ta nuna cewa ciwon zuciyar sojan da ya dawo daga yaƙi da na matar da aka yi wa fyaɗe iri ɗaya ne, amma soja yana da wurin da al'umma ta gina don amincewa da wahalarsa, ita kuwa ba ta da shi. A ganinta warkewa na bukatar aminci tukuna, sannan tuna abin da ya faru da yin makokinsa, sannan komawa cikin mutane, kuma mataki na ƙarshen ba ya yiwuwa idan mutanen sun kau da kai.

Wannan tunani ne ƙashin bayan Monument Quilt, bargo mafi girma da aka yi a Amurka domin waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka ci zarafinsu a gida. Ƙungiyar FORCE ce ta fara shi a 2013 a birnin Baltimore. Masu fasaha biyu, Hannah Brancato da Rebecca Nagle, su suka kafa ƙungiyar a 2010. Ƙa'idar mai sauƙi ce: jan ƙyalle ƙafa 4 da ƙafa 4, mutum ya rubuta ko ya zana ko ya ɗinka abin da ya ga dama, da suna ko babu. Ana haɗa huɗu su zama babban yanki ɗaya, a wurin nuni kuma a jera yankunan su fitar da manyan haruffa da ake iya karantawa daga sama. Maza da aka ci zarafinsu sun sa nasu, haka ma dangi da abokai masu son nuna goyon baya. An yi zaman ɗinkin a gidajen fakewar mata da majami'u da jami'o'i da yankunan ƙabilun asali, wasu kuma ta gidan waya suka aiko da nasu. A duk inda aka shimfiɗa bargon akan ajiye mutanen da aka horar don rarrashin wanda kallon ya tayar masa da hankali.

Abin da ya bambanta wannan bargo shi ne masu shi ba su tsaya ga ta'aziyya ba, sun riƙa kai shi ƙofar kotu. A Janairu 2015 an shimfiɗa shi a Jacksonville ta jihar Florida don goyon bayan Marissa Alexander, baƙar fatar da aka yanke wa shekara 20 a 2012 saboda harbi ɗaya da ta ce na gargaɗi ne ga mijinta mai dukanta, harbin da bai sami kowa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, daga baya aka sallame ta daga kurkuku bisa yarjejeniya. A Disamba na wannan shekara kuma matan ƙabilun asali suka ɗauki yankunan bargon zuwa gaban Kotun Ƙoli a ranar sauraron ƙarar kamfanin Dollar General da ƙabilar Choctaw ta Mississippi. Ƙarar ta taso ne daga zargin cewa manajan wani shago da ke ƙasar ƙabilar ya yi lalata da wani yaro, kamfanin kuma na cewa kotun ƙabila ba ta da hurumin sauraron ƙararsa. Maganar tana da tushe mai zurfi, domin tun 1978 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotunan ƙabilu ba za su hukunta wanda ba ɗan ƙabila ba a laifin da ya aikata a ƙasarsu, abin da ya bar mata da yawa ba inda za su kai kuka. Wani bincike na ma'aikatar shari'ar Amurka a 2016 ya gano cewa fiye da rabin matan ƙabilun asali sun taɓa fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata. Nagle kanta 'yar ƙabilar Cherokee ce. Alƙalan suka rabu huɗu da huɗu a 2016, hukuncin da ya ba ƙabilar gaskiya ya tsaya. Ba wanda zai ce bargo ne ya yanke shari'ar, amma ya sa mutanen da dokar ke magana a kansu sun bayyana a wurin da lauyoyi kaɗai aka saba gani.

Bargon ya zaga birane sama da 30 a Amurka da Meziko, inda ƙungiyar La Casa Mandarina ta yi aiki tare da masu shi. Nuni na ƙarshe shi ne na 31 ga Mayu zuwa 2 ga Yuni 2019 a wancan babban fili na Washinton, da ƙyallaye sama da 3,000, an jera su sun rubuta da Ingilishi da Sifaniyanci cewa wanda abin ya sama ba shi kaɗai ba ne. Lokacin gangamin MeToo na masu fallasa cin zarafin lalata ya riga ya cika intanet tun Oktoba 2017, amma waɗannan labarai an soma tattara su shekaru huɗu kafin nan, a lokacin da masu sauraro ba su da yawa.

A ƙasashen da ake yaƙi, aikin ya ɗauki wata fuska. A gabashin Kongo, inda mayaƙa suka mayar da fyaɗe makami, ƙungiyar SOS Femmes en Danger da ke aiki a yankin Fizi na Kivu ta Kudu ta haɗa kai da ƙungiyar The Advocacy Project ta Washinton wajajen 2010. Matan da ke jinya a cibiyoyinta suka ɗinka hotunan abin da ya same su da zare, galibi a gona ko a hanyar ɗiban ruwa, aka kai ƙyallayen Amurka masu ɗinki na can suka haɗa su zuwa bargunan da aka sa wa suna Ahadi. A Kolombiya, matan ƙauyen Mampuján, jikokin bayin da aka kai daga Afirka, waɗanda mayaƙan sa-kai suka kora daga gidajensu a Maris 2000, sun koyi ɗinkin ƙyallaye daga wata Ba'amurkiya mai suna Teresa Geiser, suka sauya shi daga zanen ado zuwa hoton ranar da aka kore su, har suka sami lambar zaman lafiya ta ƙasa a 2015. A Kanada kuwa Christi Belcourt ta nemi a aiko mata da saman takalman fata na gargajiya da aka yi wa ado amma ba a ƙarasa ɗinkinsu ba, domin tunawa da matan ƙabilun asali da aka kashe ko suka ɓace. Na takalmi ƙafa 600 ta nema, aka aiko da fiye da 1,600.

Masu gudanar da irin wannan zama sun fi ba ɗakin ɗinkin muhimmanci a kan ranar nuni, kuma suna da gaskiya. A ofishin 'yan sanda ko a kotu, mai tambaya ne ke riƙe da akalar magana, shi ke zaɓen abin da za a faɗa da lokacin faɗarsa. A ɗakin ɗinki akalar tana hannun mai labarin. Idonta na kan allura, ba dole sai ta kalli kowa ba. Tana iya yin mako guda tana ɗinka bishiya da rijiya kafin ta sa mutum a hoton, tana iya warware abin da ta ɗinka, tana iya nuna abin da bakinta ya kasa faɗa. Ta kusa da ita kuma ta san abin ba sai an yi mata bayani ba. Amma fama miki yana da haɗari, shi ya sa zaman da aka tsara da kyau ba ya tilasta wa kowa ba da labari, kuma yakan tanadi mai ba da shawara da hanyar tura mutum asibiti ko wurin lauya.

Akwai matsalolin da har yanzu ake jayayya a kansu. A ƙaramin ƙauye, hoton gona da launin zane sun isa a gane mace ko ba a rubuta sunanta ba. Idan ana sayar da ɗinkin a ƙasashen waje, mai saye yakan fi son hoton da ya fi ban tsoro, wanda hakan ke iya tura mata su riƙa maimaita mafi munin ranar rayuwarsu don neman abinci. Sannan idan matan Kongo suka ɗinka, wasu suka haɗa, wasu kuma suka nuna a wani birnin da masu ɗinkin ba za su taɓa zuwa ba, dole a tambayi wa ke da bargon, wa ke karɓar kuɗin, kuma wa ke da ikon cewa a janye ƙyallenta idan ta sauya ra'ayi.

Ajiya ita ce matsalar da ke zuwa daga ƙarshe, domin ƙyalle na tsoron rana da danshi da asu, kuma dubban ƙyallaye na bukatar wuri da kuɗi. Ofishin Vicaría ya rufe a 1992 bayan dawowar mulkin farar hula, arpillera da yawa kuma yanzu suna gidan tarihin tunawa da haƙƙin ɗan'adam da aka buɗe a Santiyago a 2010. Bargon ƙanjamau, wanda ya kai ƙyallaye kusan 50,000 da nauyin tan 54, an sanar a 2019 cewa zai koma San Francisco ƙarƙashin kulawar National AIDS Memorial, wasiƙu da hotunan da suka zo tare da shi kuma aka miƙa su ga ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Masu Monument Quilt sun zaɓi wata hanya dabam: bayan nunin 2019 suka daina karɓar sababbin ƙyallaye, suka ɗauki hotunansu don ajiyewa a intanet, suka shiga rarraba yankunan bargon ga gidajen tarihi da ɗakunan karatu da makarantu.